Wa zai karɓi ɓaraguzan wani? Yadda lardunan Japan suka raba nauyin 2011, da abin da ke gaban wilayoyin Sudan

Girgizar ƙasar da ta afka wa arewa maso gabashin Japan ranar 11 ga Maris 2011, da igiyar tsunami da ta biyo bayanta, sun bar ɓaraguzai kimanin tan miliyan 20, ban da wani tan miliyan 11 na laka da rairayin da teku ya watso kan tudu. A garin Ishinomaki kaɗai, ƙiyasin farko ya nuna abin da ke jibge ya kai sharar da garin zai tara a shekara ɗari. Babu ƙaramar hukumar da ke da motoci da ma'aikata da jujin da za su ɗauki irin wannan. Dole wani ya rage mata kaya. Amma wa zai karɓa, me zai karɓa, bisa wane sharaɗi, kuma daga aljihun wa?

Sudan ba ta cikin ƙasashen da girgizar ƙasa ta addaba, ko da yake an ji ta a Jabal Dumbair da ke Kurdufan a 1966, an kuma ji ta a Khartum a 1993. Namu ɓaraguzan ta wata hanya suka zo: yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, ɓallewar madatsar Arba'at kusa da Bur Sudan a watan Agusta 2024, da ambaliyar da ke rusa gidajen ƙasa kusan kowace damina. Bangon da ya faɗi kuwa aikinsa ɗaya ne, ko ƙasa ce ta girgiza shi ko igwa ce ta same shi. Mutanenmu da ke Umdurman da Bahri da Madani da Sinnar su ne leburori da direbobin tifa da masu karo da 'yan gwangwan da ke cikin wannan aiki, kuma unguwannin gefen gari, inda talaka ke zaune, nan aka saba juye abin da tsakiyar gari ba ta so. Shi ya sa maganar ta shafe mu kai tsaye.

Akwai wani adadi da ya kamata a fara riƙewa, domin yana gyara tunani. Da farko gwamnatin Japan ta nemi sauran larduna su karɓi kusan tan miliyan 4 daga lardunan Iwate da Miyagi, biyu daga cikin waɗanda tsunamin ya fi yi wa ɓarna. Da aka sake auna tsibin, aka kuma kafa injinan ƙona shara na wucin gadi sama da talatin a yankin da abin ya faru, buƙatar ta yi ta raguwa. Zuwa ƙarshen Maris 2014, lokacin da lardunan biyu suka kammala aiki, abin da ya fita waje bai wuce kimanin tan 620,000 ba, wanda larduna 18 suka karɓa. Kashi uku cikin ɗari ke nan, ko kusa da haka. Sauran duk a gida aka yi maganinsa, kuma fiye da kashi 80 cikin ɗari na ɓaraguzan an sake amfani da su, ba binne su aka yi ba.

Wasu sun ɗauki wannan a matsayin hujjar cewa haɗin gwiwar ba ta da amfani, an dai ƙona kuɗin sufuri. Ba mu yarda da su gaba ɗaya ba. Abin da ya fita ɗin shi ne mai wuyar sha'ani: cakuɗaɗɗen tarkace mai cin wuta da ke barazanar tashin gobara, da komar masunta da aka saƙa da darma a cikin igiyarta, da ragowar da ba ta ƙonuwa kuma ba ta niƙuwa, wadda sai juji mai shimfiɗa a ƙasa zai iya riƙewa. Kuma an fara fitar da shi ne tun kafin yawancin injinan gida su fara aiki. Taimakon maƙwabci a wannan harka ƙarami ne a kan sikeli, amma yana zuwa daidai inda aikin ya cije. Wanda ya ɗauka haɗin gwiwa na nufin a loda Khartum a tifa a kai ta wata wilaya, bai fahimci aikin ba.

Komai yana farawa ne daga rarrabewa, kuma a nan ake yin kuskuren da ba ya gyaruwa. In katafila ta zo ta tattara kankare da katako da katifa da firji da kwanon rufi ta loda su tare, an mayar da kaya mai daraja shara. Kankare shi kaɗai tsakuwa ne. Rodi shi kaɗai kuɗi ne. Katako shi kaɗai makamashi ne. Da zarar sun cakuɗe, sai an biya kuɗi kafin a raba su, kuma babu masana'antar da za ta karɓe su a haka. Saboda haka Japan ta yi filin tara kaya iri biyu. Na farko yana kusa da unguwa, inda ake kawo kaya da zarar an buɗe hanya, kowane iri da wurin ajiyarsa, da mutum tsaye a ƙofa yana nuna wa direba inda zai juye. Filin da aka buɗe babu mai tsaron ƙofa, kwana biyu ya ishe shi ya zama bola. Na biyu babba ne, a wajen gari, nan injina suke. Lardin Miyagi ya raba gaɓar tekunsa gida huɗu, kowane yanki da manyan filayensa.

A babban filin, kaya kan bi layi ne. Injin mai hannu ya fara tsame manyan abubuwa, ginshiƙi da tukunyar gas da injin mota. Sauran su shiga injin farfasawa, daga nan su faɗa wata ƙatuwar ganga mai huji-huji da ke juyawa, ƙasa da rairayi su zube ta hujin, manyan gutsattsari su wuce gaba. Maganaɗisu da ke rataye a kan bel ya fizge ƙusa da guntun rodi, iska ta hure leda da takarda gefe guda. A ƙarshen layin kuma mutane ne a jere dama da hagu, da takunkumi da safar hannu, suna tsince abin da inji ya kasa ganewa: batir, guntun allon jibsin, wayar lantarki. A Japan har hotunan iyali da takardun shaida an ware, an wanke, an ajiye inda masu su za su zo nema. Mu ma muna da irin wannan, takardar fili da shahadar makaranta da Alƙur'anin da gini ya danne, kuma ya kamata a ce kowane fili yana da akwatin ajiye su.

Girman filin ba da ido ake yanke shi ba. Ma'aikatar muhalli ta Japan tana lissafi da cewa mita kubik ɗaya (wato cikin akwati mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi) ta kayan da ba sa cin wuta tana da nauyin tan 1.1, ta masu cin wuta kuma tan 0.4, tsayin tsibi kada ya wuce mita 5, sannan a ninka filin kusan sau biyu saboda hanyar motoci da wurin aiki. A ɗauki misalin tan 100,000 na bulo da kankare: zai cika kimanin mita kubik 91,000, a raba da tsayin mita 5 a sami murabba'in mita 18,000 da ɗoriya, a ninka biyu ya haura 36,000. Kusan faddan tara ke nan, don tan dubu ɗari kacal. Mahaliyar da ba ta ware irin wannan fili tun da wuri ba, za ta wayi gari an cika mata filin ƙwallo da harabar makaranta da bakin kwari.

Dokar mita 5 ɗin tana da dalili. Tsibin katako da katifa da tsumma, in ya sha ruwa, yakan fara ruɓewa daga ciki yana ɗaukar zafi, kamar dawar da aka zuba a rumbu da danshinta. In tsibin ya yi tsayi, zafin ba ya samun mafita, sai ya yi ta hawa har wuta ta tashi ba tare da kowa ya ƙyasta ashana ba. An yi gobara da dama irin wannan a filayen Tohoku, wato yankin arewa maso gabashin Japan, a 2011, wasu sun kwana da kwanaki suna ci ta ƙarƙashi. Shawarar masana a can ita ce tsibin mai cin wuta kada faɗinsa ya wuce murabba'in mita 200, a bar aƙalla mita 2 tsakanin tsibi da tsibi, a riƙa soka ma'aunin zafi cikin tsibin, a kuma hana katafila hawa kansa tana danne shi. Wanda ya san zafin Khartum a watan Mayu ya san wannan doka ta fi zama dole a nan.

To, me ke tafiya wata wilaya, me ke zama? Kankare da jan bulo da ƙasar gini su ne mafi yawa a nauyi, kuma su ne bai kamata su yi nisa ba. Tifa mai ɗaukar tan 20 sai ta yi sawu 50,000 kafin ta kwashe tan miliyan ɗaya. A lissafa man dizal da tayoyi da lalacewar kwalta, za a ga kuɗin kai tsakuwa kilomita ɗari ya ninka darajar tsakuwar. Maganinsu injin niƙa dutse mai tafiya, a kawo shi inda kayan suke, a cire rodi, a niƙa, a tace gwargwadon girman da ake so, a zuba a ƙarƙashin hanya ko a cike kwazazzabo. Japan ta ɗaga ƙasar garuruwan gaɓar teku da irin wannan, garin Iwanuma ma ya gina tuddan tsira da shi. Sai dai a kula: kankaren da gobara ta gasa ya rasa ƙarfinsa, ya dace da ciko, bai dace da ginshiƙin bene ba. Allon jibsin kuma kada ya shiga ciko, domin in ya jiƙe a inda babu iska tare da kayan da ke ruɓewa, yana fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wadda ke kisa a rami. Rodi da kwano ba sa buƙatar roƙo, kasuwar gwangwan za ta ɗauke su, abin da ake buƙata kawai a rubuta na wa ne kafin a sayar.

Abin da ya cancanci tafiya shi ne wanda maganinsa ke wani wuri. Babban misali masana'antar siminti. Tukunyarta tana kai zafin digiri 1,450, katako da taya su zama makamashi, tokarsu kuma ta shige cikin simintin, babu ragowar da za a binne. Masana'antar siminti ta Ofunato a Iwate ta cinye kaso mai yawa na ɓaraguzan lardin, amma sai da aka kafa wurin wanke gishirin teku daga kayan, saboda gishiri yana toshe tukunya yana kuma ɓata siminti. Bayan girgizar ƙasar yankin Noto na Japan ta ranar 1 ga Janairu 2024, da hanyoyin mota suka tsattsage, ta jirgin ruwa aka riƙa kai gutsattsarin katako Itoigawa a lardin Niigata don wannan aiki. A Sudan masana'antun siminti sun taru ne a wilayar Nahrun Nil, wajen Atbara da Damar da Barbar, akwai kuma ta Rabak a Farin Nil. Atbara tana da nisan kimanin kilomita 300 daga Khartum, ga titin Tahaddi, ga layin dogo. Motar da ta kawo siminti babban birni, in za ta koma wayam, ita ce mafi arhar hanyar kai niƙaƙƙen katako da tayoyi arewa. Namu kayan ba su sha ruwan teku ba, amma bututun roba na PVC yana ɗauke da sinadarin da ke yin irin ɓarnar gishiri, don haka sai an tsince shi, kuma masana'antar ce za ta faɗi iyakar abin da tukunyarta ke jurewa.

Duk wannan lissafin injiniya ne, kuma shi ne mai sauƙin. Abin da ya kusa kayar da shirin Japan tsoro ne. Tashar nukiliya ta Fukushima ta fashe a makon girgizar, mutane suka ji ko wane tarkace daga arewa guba ne. Ba a fitar da ɓaraguzan lardin Fukushima ba ko kaɗan, na Iwate da Miyagi ne ake magana, kuma garin Miyako da ke Iwate ya fi birnin Tokyo nisa daga tashar. Duk da haka ƙananan hukumomi da yawa da suka nuna za su karɓa sun janye da jama'arsu suka taso. A Kitakyushu, can kudu, masu zanga-zanga sun tare motocin gwaji a watan Mayu 2012. Ba a ce tsoron nan wauta ba ne. Uwar da aka ce za a ƙona kayan da ba ta san asalinsu ba kusa da makarantar 'ya'yanta tana da haƙƙin tambaya, kuma hukumar da ta riga ta zubar da amanarta a kan tashar nukiliya ba za a gaskata ta da fatar baki ba.

Tokyo, wadda ta fara karɓa daga Miyako a watan Nuwamba 2011, ta bi ta hanyar awo. Ana auna tururin nukiliya a filin rarrabewa. A ɗebi samfuri daga kayan a sa cikin akwatin darma a sake aunawa, don kada na sararin wurin ya shiga lissafi. A loda a kwantena, a rufe, a auna jikinta kafin ta hau jirgin ƙasa. Abin da ya haura iyaka ba ya tafiya. A can kuma a auna hayaƙi da toka, gwamnati ta sa iyakar bekarel 8,000 (ma'aunin tururin nukiliya ke nan) a kowane kilo ga tokar da za a binne, a kuma buga sakamakon kowa ya gani. Garuruwa da dama sun fara da ƙona kaɗan na gwaji, suka kai wakilan unguwanni su ga filin da idonsu. Mai karɓa shi ke da ma'auni, shi ke da ikon cewa a mayar.

Abin da ke matsayin tururin nukiliya a ɓaraguzan Khartum shi ne harsashi da roka da gurnetin da ba su tashi ba. Bambancin shi ne wannan ba tsoro kaɗai ba ne, yana kashewa nan take. Harsashin igwa ɗaya in ya shiga injin niƙa, ya tafi da injin da mai tuƙa shi. Saboda haka tsarin aiki ba ya canzawa: masu kwance nakiya na cibiyar ƙasa da abokan aikinsu na Majalisar Ɗinkin Duniya su fara shiga, a tabbatar babu gawa a ƙarƙashin ginin, in akwai a kira likitocin shari'a, sannan katafila. Kowace mota ta fita da takardar da ta nuna daga wane gini aka ɗebo, wa ya duba, yaushe. Masana'antar da ke Atbara ko mai narka ƙarfe ba za su karɓi kaya babu wannan takarda ba, kuma gaskiyarsu ne. Yaran da ke tsintar ƙarfe suna kai wa mai sikeli su ne suka fi kowa shiga haɗari, don haka masu sayen gwangwan su ne na farko da ya kamata a koya wa kamannin waɗannan abubuwa.

Sai asbestos, wani ma'adini mai zare-zare da ƙurarsa ke lalata huhu, wanda ke cikin tsofaffin kwanukan rufi na siminti da tsofaffin bututun ruwa. Turkiyya ta nuna abin da gaggawa ke jawowa. Bayan girgizar 6 ga Fabrairu 2023, wadda hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta ta bar tan miliyan 116 zuwa 210, an yi ta juye kaya a cakuɗe kusa da gidaje da gonaki da gaɓar teku a lardin Hatay, har mutanen Samandag suka fito zanga-zanga saboda ƙura. Cutar asbestos galibi ba ta bayyana sai bayan shekara ashirin ko fiye. Ba a farfasa shi, ba a niƙa shi. A jiƙa shi da ruwa, a ɗauke shi ɗungurungum, a naɗe da leda mai kauri ninki biyu, a binne a rami na musamman da aka yi wa alama a taswira. Rawani ko gyale a hanci ba ya tare wannan ƙura. Irin wannan rami, da wurin ajiye man tiransifoma da batura da magungunan da suka lalace, ba kowace mahaliya za ta iya ginawa ba. Nan ne ya kamata wilayoyi biyu ko uku su haɗa kai a kan wuri ɗaya, nesa da Nilu da rijiyoyi, maimakon a tura komai jujin Tayba da Hattab da Abu Wilaidat, waɗanda don sharar gida aka yi su.

Kuɗi kuwa, a Japan gwamnatin tsakiya ce ta ɗauki kusan dukkan nauyin. Dokar da aka yi a watan Agusta 2011 ta ba ta damar yin aikin a madadin ƙaramar hukumar da ta durƙushe, wasu garuruwan kuma suka miƙa aikinsu ga lardi. Ba don haka ba, da babu garin da zai karɓi kayan wani ya biya daga harajin mutanensa. Sudan ba ta da aljihun Japan, wannan a fili yake. Amma akwai abin da ba ya cin kuɗi: a daina karɓar kuɗin hanya daga motar ɓaraguzai a kowane shinge tsakanin wilaya da wilaya, kuma a fayyace a rubuce wa ke da alhakin kaya daga lokacin da suka bar fili har su isa.

Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma Japan ta ɗauki wannan da gaske bayan 2011. A 2015 ta kafa D.Waste-Net, hanyar da ke haɗa masana da kamfanoni da hukumomi, larduna kuma suka ƙulla yarjejeniyoyi tun ana zaman lafiya. Da girgizar Kumamoto ta zo a 2016 da kimanin tan miliyan 3, motocin shara da ma'aikata daga wasu birane sun iso cikin kwanaki, aka gama cikin kusan shekara biyu. Sau da yawa abin da ya fi amfani a aika shi ne mutum da inji, ba a kwaso shara ba. Wilayoyin da yaƙi bai rusa ba, irin su Kasala da Bahar Maliya da Shimaliyya, za su iya ba da aron injiniya da direba da makaniki na wata uku, albashinsu na tafiya daga gida.

Yarjejeniyar kanta ba doguwa ba ce. Ta faɗi irin kayan da za a karɓa da girman gutsurensu, tan nawa a rana, wace hanya da wace gada, tunda rushewar gadar Shambat a watan Nuwamba 2023 ta nuna yadda gada ɗaya ke sauya zirga-zirgar birni uku. Ta faɗi watannin aiki, domin daga Yuli zuwa Satumba filin da ba a daɓe ba yana riƙe tifa har gatari, tarkacen da aka bari a magudana kuma shi ke mayar da ruwan sama cikin gidaje, tsofaffin tayoyi su zama gidan sauron dengi. Sannan ta faɗi yadda za a biya ɗan kwangila. In da yawan sawu ake biya, mota za ta tashi rabin ciki. In da nauyin da aka auna a wurin lodi kaɗai ake biya, za a sami kayan a bakin kwari kilomita biyar daga gari. Sikeli biyu ake sawa, ɗaya a mafita ɗaya a masauki, takarda ɗaya mai lamba ta bi motar, kuma ba a sakin kuɗi sai mai karɓa ya sa hannu cewa nauyin da ya tashi shi ne ya iso.